Ranar da Allura Ta Kai Kanta

Shekara arba'in da 'yan kai Mai Makulli ya yi a rumfa ɗaya a bakin ƙofar kasuwa, mai shayi a damansa, mai facin taya a hagunsa. Teburin nasa bai fi kamu uku ba. Injin yanka makulli a gefe guda, magagari da filaya da 'yar guduma a ɗaya gefen, sama kuma igiya ce a ɗaure, makullan da ba a yanka ba suna reto a jikinta. Duk kasuwar an san dokarsa: ba ya buɗe kwaɗon da bai ga mai shi ba. Ko birgima kake yi a ƙasa, sai ka kai shi har ƙofar, maƙwabta sun shaida ɗakinka ne, sannan zai ciro kayan aiki.

A gida kuwa mutum ɗaya gare shi, jikarsa, 'yar ɗansa na fari. Uwarta ta rasu tana shekara bakwai. Uban direban babbar mota ne. Ya kawo ta ya ce ta zauna wata biyu kafin ya daidaita, ya tafi ya yi wani auren a wani gari, wata biyun nan har shekara takwas bai cika ba. Tsohon ne ya sa mata Allura, don siririya ce, kuma babu abin da ba ta kutsa kai cikinsa. Agogon bango, tocilan, fanka, duk ta buɗe musu ciki tun ba ta iya ɗaurin ɗankwali ba.

"Allura, rediyon nan me ya yi miki?"

"Tsoho, irin minsharinka yake yi. Gyara shi zan yi."

"In kin gama sai ki zo ki gyara ni."

"Kai ai an daina shigo da kayan gyaranka."

Tana shekara goma sha biyar aka dakatar da ita daga makaranta na zango guda. Wata kwamfuta ce da ta shekara a mace a ɗakin karatu, Allura ta buɗe ta ba da izini ba, ta tashe ta. Malamin da ke kula da ɗakin ya ce ta cire wani abu a ciki. Ita kuma ta ce masa a gaban 'yan aji, in da ya san abin da ke cikin, ai da bai bar ta ta shekara a mace ba. Mai Makulli ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya je ya ba shugaban makaranta haƙuri, ya ce yarinta ce, zai ja mata kunne. Bai tambaye ta yadda aka yi ba. A hanyar dawowa ba ta ce masa uffan ba, shi kuma ya ɗauka kunya ce.

Sati uku tana wuni a gida ita kaɗai, daga ita sai bango. Rannan ta ce ta samu wurin koyon gyaran waya a layin sama na kasuwa, a shagon wani da ake kira Sabis. Tsohon ya san shi sama-sama: matashi ne mai fara'a, kullum cikin turare, ba ya wuce rumfar bai rusuna ya gaishe shi ba. Ya ji kamar an sauke masa kaya daga ka. Sabis ya ba ta wata tsohuwar kwamfutar hannu, ya ce ta riƙa yin aikin a gida, wai bai dace yarinya ta wuni cikin maza ba. Wannan ma ya ƙara masa daraja a idon tsohon. Da ya tambayi irin aikin, ta ce wayoyin mutanen da suka manta lambar sirrinsu ne take buɗewa.

Ba a daɗe ba ta fara dawowa da sabon takalmi, sabuwar jaka, rannan har tabarau ta kawo masa. Ya ɗora shi a hanci ya zauna a rumfa yana juya kai hagu da dama, har sai da mai shayi ya gaji ya tanka.

"Mun gani, Baba, mun gani! Kada wuyan ya cire."

"Jikata ce ta saya," in ji shi. "Da guminta."

Wata Talata da hantsi wata mata ta tsaya a rumfar cikin fararen kayan asibiti, idanunta a kumbure. Sabon kwaɗo take so. Shekaranjiya wasu yara biyu a kan babur sun fizge mata jaka a bayan kasuwa, makullin ɗakinta na ciki, sai da aka fasa kwaɗon ta samu shiga. Yana gwada mata sabon tana magana, irin maganar wanda abu ya cika wa ciki, ba ruwansa da wa ke sauraro.

"Baba, wallahi ba jakar ce ta dame ni ba. Wayar ce. Ɗana ya rasu bara, shekararsa huɗu. Duk hotunansa suna ciki, har da muryarsa yana rera karatu. Ban ajiye su ko'ina ba. Rigar wayar ruwan ɗorawa ce, gefe guda ya ƙone inda ta taɓa dutsen guga. Shi ya manna mata wani ɗan tauraro a baya."

Ya ba ta haƙuri, ya tambayi asibitin da take aiki ko Allah zai sa ya ji wani labari, ta faɗa masa ta tafi.

Bayan azahar ya koma gida cin abinci kamar kullum. Allura na tsakar gida tana wanki. Ya shiga ɗaki neman maganinsa na hawan jini, sai idonsa ya sauka a kan tabarmarta. Wayoyi uku ne a jere kusa da kwamfutar. Ta tsakiyar ruwan ɗorawa ce. Ya sunkuya ya ɗauka, ya juya bayanta, ya cire tabarau ya goge, ya mayar ya sake dubawa. Ya zauna a bakin gado.

"Allura."

Ta shigo tana yarfe kumfa daga hannu. Tana ganin abin da ke hannunsa ta tsaya cak.

"Mai wayar nan ta zo rumfata ɗazu," ya ce. "Ba lambar sirri ta manta ba."

Ya yi zaton za ta rantse, ko ta fashe da kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jingina da ƙofa ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Tun a waya ta huɗu na gane. Wanda ya manta lambarsa ba ya cewa a cire layi a goge komai."

"To me ya hana ki dainawa? Abinci kika rasa a gidan nan? Sutura kika rasa?"

"Sabis Injiniya yake ce min, Tsoho," in ji ta. "In na buɗe wadda ta gagari kowa, sai ya tara yaransa ya ce ku zo ku ga kai. A makaranta na gyara abu, aka kore ni. Kai kuma ka je ka ba da haƙuri, ko tambayata ba ka yi ba. Baba in ya kira, kai yake tambaya ko ina jin magana, bai taɓa cewa a miƙo min wayar ba. Da na ce wa Sabis zan daina, sai ya yi dariya, ya ce ai hannuna ya riga ya shiga dumu-dumu, ranar da aka kama shi da ni za a fara."

"Wannan fa? Kin goge ta?"

Ta girgiza kai. "Na buɗe, na ga yaron. Kwana biyu ke nan ina ce wa Sabis ta ƙi buɗuwa."

 Tsohon ya nuna mata gefen gado ta zauna, ya faɗa mata abin da ko ubanta bai sani ba. Yana shekara sha shida, ubansa ya rasu, yana koyon aiki a wurin wani maigida da bai taɓa kiran sunansa ba sai "kai", kuma in kwaɗo ya yi gardama a kansa ake hucewa. Wasu samari a unguwa suka fara saya masa shayi, suna ce masa Gwani. Sunan nan kaɗai ya sa ya buɗe musu shagon wani mai yadi. Su suka gudu, shi aka kama. Wata tara ya yi a tsare, tsohuwarsa tana takowa a ƙafa kowane mako don ta gan shi ta tsakanin ƙarafuna.

"Dokar nan da kike ji ana faɗa a kasuwa, ba daga sama ta faɗo min ba," ya ce. "Ni da na san wannan ramin, ni na tsaya ina kallo kika faɗa, ina ta yawo da tabarau. Laifina na farko ke nan. Na biyu, ranar makaranta, ke ya kamata in fara ji. Ki yafe min."

Sai a lokacin hawaye ya zubo mata.

"Ba zan ja ki ko'ina ba, Allura. Ni ja na aka yi, har yau ina jin hannun ɗan sandan a wuyan rigata. Amma wayar nan gobe za ta koma hannun mai ita. Sauran kuma ke za ki yanke."

Ranar bai koma kasuwa ba. Washegari da safe ya fito daga wanka ya tarar da ita a tsakar gida cikin kayan makaranta, an goge su tas, da tsohon takalminta mai yagaggen baki. A hannunta leda ce da wayoyin uku da kwamfutar.

"Makaranta kuma? Ai zangon bai ƙare ba."

"Su kaɗai ne kayan da ba kuɗin Sabis ya saya ba," ta ce. "Ofishin 'yan sanda za ni. In za ka raka ni, ka yi sauri, ka san tafiyarka."

Ya koma ɗaki, ya ajiye tabarau a kan taga, ya fito da idonsa na da.

A ofishin 'yan sandan wani saje ne zaune a bayan kanta yana shan shayi. Ya dube su ya ce, "Baba, an sace wa 'yar makaranta waya ke nan?" Tsohon ya buɗe baki zai yi bayani, Allura ta taɓa hannunsa.

"Tsoho, bar ni." Ta ɗora ledar a kan kanta. "Yallaɓai, wayoyin sata ne. Ni nake buɗe su. Na zo in faɗi yadda ake yi."

Sajen ya ajiye kofi a hankali, kamar yana tsoron ya fashe. Ya tashi ya kira Sifeto, wata mata mai furfura a goshi da ba ta da yawan magana. Ta shigar da su ofishinta, ta ba tsohon kujera, ta ce wa yarinyar, "Ina jin ki."

Sa'a biyu Allura tana magana. Ba ta ɓoye nata ba, ba ta ƙara wa kowa nasa ba. Ta faɗi yaran da ke fizge, da lokacin da suke kawowa, da ɗakin da ke bayan shagon inda ake ajiya, da mutumin da ke zuwa duk ƙarshen mako ya kwashe. Wayoyin da suka bi ta hannunta kuwa ta tuna su ɗaya bayan ɗaya: mai fasasshen gilashi da hoton amarya, mai hoton wata tsohuwa a kan kujerar guragu, mai sunan wani shagon ɗinki. Sifeto ta sa aka kawo takardun ƙorafin da mutane suka shigar, sai ga su suna haɗuwa da maganarta kamar makulli da kwaɗonsa.

Can ta ajiye biro ta tambaya, "Wa ya sa ki zuwa?"

"Ba kowa."

Sifeto ta kalli tsohon.  Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni rakiya na yi. Ita ta san hanya."

Kafin la'asar an kama Sabis da yara huɗu. Cikinsu har da ɗan mai facin taya, ɗan shekara sha shida, wanda tun yana rarrafe yake wasa a ƙarƙashin teburin Mai Makulli. Wannan ita ce ta fi yi wa tsohon ciwo. Mai faci ya janye bencinsa ya juya masa baya, gaisuwa ma ta yanke. A kasuwa baki ya rabu biyu: masu cewa jikar Mai Makulli ɓarauniya ce, da masu cewa ta ci ta ƙoshi sannan ta tona asirin 'ya'yan mutane. Har jifan ƙofar gidansu aka yi da rana tsaka.

Matar asibitin ta zo karɓar wayarta a ofishin Sifeto. Ta kunna, muryar ƙaramin yaro ta cika ɗakin yana jan baƙi yana tuntuɓe. Ta saurara har ƙarshe, ta share fuska, sannan ta dubi Allura.

"Ke ce?"

"Ni ce, Anti. Ki yi haƙuri."

"Zuciyata ba ta huce ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma kin bar min shi. Wannan ba zan manta ba."

Uban Allura ya kira daga kan hanya da labari ya kai masa, yana faɗa kamar zai fasa wayar, wai ta zubar masa da mutunci. Tsohon ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Aji nawa take?" Shiru. "Na ce 'yarka aji nawa take?" Uban ya fara kame-kame. "To ga ta, ka tambaye ta da bakinka." Ya miƙa mata wayar ya fita ƙofar gida. Da ya dawo bayan rabin sa'a bai tarar sun gama ba.

Ranar shari'a aka tsayar da ita ta ba da shaida, Sabis na tsaye a gabanta. Babu turare yau, amma murmushin na nan. Ya karkatar da kai ya ce a hankali, "Injiniya, ni?" Tsohon ya ga yatsunta sun kama bakin katakon da ke gabanta. Ta ɗauke ido daga kan Sabis ta mayar kan alƙali, ta maimaita duk abin da ta faɗa wa Sifeto, kalma ba ta canza ba. Lauyan Sabis ya juya ta hagu, ya juya ta dama, ya ce ai ita ce ƙwaƙwalwar harkar. Ta ce, "Aikin hannuna ne, ban musa ba. Shi ya sa na zo."

Aka ɗaure Sabis. Yaran aka tura su gidan gyaran hali na wata shida. Ita kuwa alƙali ya ce ta koma gida a hannun kakanta, jami'ar kula da yara za ta riƙa duba ta har shekara guda, kuma ya rubuta a mayar da ita makaranta.

Washegari Mai Makulli ya buɗe rumfa da wuri. Bencin mai shayi a cike yake, wani ɗan dako ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda dai za a ji: "Wai gidan mai doka ne aka haifi mai buɗe na mutane." Tsohon ya kashe injin, ya taso ya tsaya a gabansu.

"Ku ji da kyau, don ba zan sake faɗa ba. Ina shekara sha shida na buɗe shagon mutum, na yi wata tara a tsare. Shekara hamsin ina ɓoyewa, ko ɗan cikina bai sani ba. Yarinyar nan kwana ɗaya ta yi, ta wanke kayanta, ta goge, ta taka da ƙafarta ta je ta faɗi nata da bakinta. Duk wanda ya taɓa yin haka a cikinku ya tashi tsaye in gan shi."

Ba wanda ya motsa. Mai shayi ne ya fara magana, yana zuba ruwan zafi a kofi.

"Baba, zauna ka sha. Yau ba ka biya."

Bayan mako biyu, da safe, yana cikin goge wani makulli, sai ya ji an jawo benci kusa da shi. Mai faci ne. Ya daɗe yana murza hannunsa mai baƙin mai, idonsa a ƙasa.

"Jibi ne ranar ziyarar yaron nan," ya ce daga ƙarshe. "Ban taɓa shiga irin wurin ba. Ban san me ake kai musu ba. Ban ma san me zan ce masa ba."

"Sabulu, da man shafawa, da silifas," in ji Mai Makulli. "Maganar kuwa, kada ka fara da faɗa. Ka tambaye shi yadda aka yi, ka yi shiru ka ji. Tare za mu je."

Da ya koma gida ya ba Allura labari. Tana zaune a tabarma da littattafanta, jarrabawa ta matso. Ta tashi ta ɗauko sabon takalmin nan da jakar, ta ce a sayar a sayo wa yaron abin da yake buƙata, ta kuma yagi takarda ta rubuta masa 'yan layuka, ta ninke.

"Me kika rubuta?"

"Tsoho, wasiƙar mutane ce. Ba a buɗe abin da ba a ga mai shi ba."

"Ja'ira! Ni za ki koya wa?"

Ya sa takardar a aljihun gaba, ya danne ta da hannu. Ranar ziyara da sassafe suka hau mota shi da mai faci, ledar kaya a kan cinyarsu. Kafin su kai tasha ta biyu ya riga ya fara ba wani fasinja da bai taɓa gani ba labarin jikarsa, tun daga ranar da ta buɗe wa rediyo ciki.